Takardar Sallamar Kawuna

Ni akawu ne, aikina ajiyar takardu, amma ban san darajarsu sosai ba sai ran da kawuna ya buɗe akwatinsa. Shi kuwa ya yi soja a yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Ya tarar gara ta cinye takardar sallamarsa ƙurmus. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, yanzu da me zan shaida na yi yaƙi?" Ba takarda, ba fansho. Allah ya sa ya haddace lambarsa. Muka yi wata uku muna kai da komowa, har da rantsuwa a kotu, kafin a ba shi wata.

A lokacin na ɗauka ajiyar gida kaɗai ke lalacewa, sai na karanta labarin Amurka. Can tsohon soja yakan cika fom, ya aika babban ɗakin ajiya da ke birnin Sen Luwis, a aiko masa da kwafin takardarsa, watau DD 214, kyauta. Amma ran 12 ga Yuli 1973 gobara ta tashi a wurin, ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18. Wanda ya riga ya yi rajistar tasa a ofishin gundumarsu, hankalinsa kwance, gama can sai a ba shi kwafi mai hatimi.

To, jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A yi kwafi, a buga masa hatimi, a ajiye wuri biyu.