Wa Zai Nuna wa Baƙo Hanya a Tiga?

A hutun da ya gabata na ɗebi ɗalibaina zuwa madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da tambaya muka isa: mai shayi, ɗan acaɓa, sai wani dattijo da ya ce mu karya ta wajen wata tsamiya. Alluna kam mun gani a hanya, amma akasarinsu sunan aiki da na ɗan kwangila suke ɗauke da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai a bakin ruwa ya faru. Wata ɗaliba ta tuɓe takalmi za ta taka, sai wani masunci ya daka mata tsawa: "'Yata, koma baya, nan rami ne!" Har muka iso Kano ina tambayar kaina, da ba ya wurin fa?

Duk mai nufin mayar da Tiga, ko dajin Falgore da titin Jos ya ratsa ta Tudun Wada da Doguwa, wurin shaƙatawa, to ya fara da allo kafin rumfa. A kafa shi daidai inda hanya ta rabu, inda baƙo ke tsayawa yana waige-waige. A rubuta da boko da ajami, a haɗa da hoto saboda yara da wanda bai yi karatu ba. Sunayen wurare kuma a karɓo su daga bakin masunta da makiyaya, domin su ne suka san inda ruwa ke cin mutum.

Kuma a yi shi da siminti. Na ƙarfe ba ya daɗewa, 'yan jari-bola na nan.