Birkin tsohuwar mota

Ran nan na shiga tsohuwar Peugeot 404 daga Tamaske zuwa Tawa, cike da buhunan albasa. Tun 1960 anka fara ƙera irinta.

Bisa gangare direba ya taka birki, ƙafa ta nutse har ƙasa. Sai da ya taka sau ukku kana mota ta tsaya.

Munka sauka. Ya duba man birki, ya kusa ƙarewa. Ya leƙa bayan tayoyi, guda ta jiƙe da mai. Robar ciki ta cinye ke nan, mai na zuba, iska na shiga.

Wani ya ce a zuba ruwan sabulu. Jama'a, ruwa tafasa yake in birki ya yi zafi! Na ɗauki jakata, na jira wata mota.