Wando Hudarsa Nawa?

Ya ku 'yan makaranta, ga wata tambaya mun kawo muku, ku juya ta a ranku kafin ku kai ƙarshen shafin nan. Wandon da ke jikinku, hudarsa nawa? Kada ku yi gaggawar amsawa, gama mu da muka yi gaggawa kunya muka sha, labarin kunyar nan kuwa shi za mu ba ku.

Muna aji biyu a makarantar kwana, ran nan da la'asar muna zaune gindin darbejiya, sai wani daga cikinmu ya tsinci guntun bututun ruwa da ma'aikata suka yar. Ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can, ya ce, "Jama'a, bututun nan hudarsa nawa?" Muka ce, "Wannan ai tambayar yara ce. Biyu mana! Ga ɗaya a wannan kai, ga ɗaya a wancan." Sai ƙaramin cikinmu, wani yaro mai kunya wanda ko a aji ba a cika jin muryarsa ba, ya ce, "Ni dai gani nake ɗaya ce, tsawo kawai ta yi." Muka kwashe da dariya, muka yi ta yi masa ba'a har idonsa ya ciko da hawaye.

Amma maganar ba ta mutu ba. Da dare wasu suka koma bayansa, suka ce in bututu biyu gare shi, to, zobe ma biyu ke nan, tun da shi ma yatsa kan shiga ta wani gefe ya fito ta wani. Muka ce zobe daban, bututu daban. Suka ce a yi ta yanke bututun yana gajarta, a gaya musu ranar da huda ta biyun za ta ɓace. Muka rasa amsa, sai muka ɗaga murya, kun san wanda hujja ta ƙare masa hayaniya ke rage masa. Aka jawo tulu cikin zancen, aka jawo ƙwarya da aljihu da wando. Abin da aka soma da wasa ya zama gaba, har kwana uku abokan da ke cin tuwo a akushi ɗaya kowa ya ja nasa gefe.

Da labari ya kai kunnen malaminmu na lissafi, sai ya shigo aji da curin yumɓu, da allura, da zare, da almakashi. Ya ce, "Kafin ku ƙirga, ku gaya mini, mece ce huda?" Muka yi tsit. Ashe kwana uku muna jayayya a kan abin da ba mu tsaya mun san shi ba.

Ya ce, "Harshenku ya riga ya raba muku gardama, ku ne ba ku lura ba. Rijiya rami ce, abin da ya faɗa ciki sai ta inda ya shiga zai fito. Kafar allura kuwa huda ce, zare kan shiga ta nan ya ɓullo ta can. Baki kuma shi ne wurin shiga. Masu cewa biyu baki suka ƙirga, mai cewa ɗaya huda ya ƙirga."

Sa'an nan ya gina ɗan bututu da yumɓu, ya dinga danna shi a hankali, bai tsaga ba, bai liƙe wani wuri ba, har ya koma zobe. Ya gina ɗan tulu, ya yi ta buɗa bakinsa har ya zama ƙwarya, ya baje ƙwaryar ta zama kamar faifai. Ya ɗaga ya ce, "Ina hudar tulu?" Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, babu." Ya ce, "Shi ya sa yake riƙe ruwa. Tulun da ya sami huda ai sai a kai shi bayan gida."

Ya gaya mana wannan wasa ilmi ne sosai, masana na kiransa topoloji. Wani Bajamushe, Listing, shi ya fara buga sunan a littafi cikin 1847. A garinsu ɗaya, Gottingen, wani masani mai suna Riemann ya nuna cikin 1857 yadda za a auna irin wannan abu da yanka, watau a ga sau nawa za a yanka shi daga baki zuwa baki bai rabu biyu ba. Cikin 1895 kuma Poincaré, mutumin Faransa, ya faɗaɗa ilmin ƙwarai. Malam ya naɗe takarda kamar bututu, ya liƙe, ya sa almakashi daga wannan baki zuwa wancan. Yanka ɗaya, takarda ta shimfiɗe, ba sauran huda. Da ya sake yankawa sai ta rabu biyu. Ya ce, "Yanka ɗaya, huda ɗaya."

Muka ce to wando fa? Har wani ya fara kwance zariya, Malam ya ce a'a, a ɗinka na takarda. Wando baki uku gare shi: ƙugu da ƙafa biyu. Aka yanka daga ƙugu zuwa ƙafar dama, bai rabu ba. Aka yanka daga nan zuwa ƙafar hagu, ya shimfiɗe, bai rabu ba. Yanka na uku shi ya raba shi. Huda biyu ke nan. Nan muka gane ƙa'idar: in bakuna duka sun sadu a ciki, ka ƙirga su, ka ɗebe ɗaya. Bututu baki biyu, huda ɗaya. Taguwa baki huɗu, wuya da hannu biyu da ƙasa, huda uku. Aljihu kuwa rami ne, ba ya shiga lissafi sai ran da ya yage kuɗinka suka zube.

Malam ya dubi yaron nan ya ce, "Kai ne da gaskiya tun farko." Ya dube mu, bai ce kome ba, amma da ma bulala ya yi mana da ta fi sauƙi. Muna fita muka je muka ba yaron haƙuri, da dare kuma akushi ya koma ɗaya. Abin da ya fi damunmu har yau shi ne ko ɗayanmu bai tambaye shi dalilinsa ba. Ƙanƙantarsa muka duba, muka dubi yawanmu, muka ɗauka yawa shi ne gaskiya.

Kada ku ce zance ya ƙare nan. Ran kasuwa muka je wurin wani tsohon tela muna taƙama da sabon ilminmu, muka ce, "Baba, ka san wando huda biyu gare shi?" Ya ɗaga kai daga ɗinkinsa ya ce, "Samari, ƙubaka fa, inda zariya ke shiga ta nan ta fito ta can? Ko wandonku ba a ɗaure shi?" Muka dubi juna. Uku ke nan! Da muka kai wa Malam labari ya yi dariya ya ce tela ya fi shi, gama shi wandon takarda ya ƙirga, tela kuwa na sawa.

To, 'yan'uwa, in gardama ta tashi tsakaninku, ku fara daidaita ma'anar kalmar da kuke ja a kanta, sa'an nan ku saurari na ƙasa da ku har ya kai aya. Ga kuma aikin hutu: butar shayi ta ƙarfe, an cire murfinta, hudarta nawa? Kada ku manta da mariƙinta. Allah ya ƙara mana sani, amin.