Garmaho Uku da Amanar Fayafan Iyayenmu

A wannan fitowar mun ɗan kauce daga maganar yashe kwata da gyaran maƙabarta, za mu taɓa abin da wasu za su ɗauka wasa ne, wato garmaho da faifansa. Wani zai ce me ya haɗa mai jan salla da garmaho? To rabon gado ne ya haɗa mu. An sha kiranmu gidajen rasuwa domin ƙididdige abin da mamaci ya bari, kuma da wuya mu shiga ɗakin dattijo ba mu tarar da kwali ko adaka cike da fayafai a ƙarƙashin gado ba. Abin da magada kan ce shi ne, "Malam, ai wannan tarkace ne, a bar wa 'yan gwangwan." Mu kuwa da muke kasuwa mun san ba tarkace ba ne.

Iyayenmu da suka kafa unguwar nan baƙi ne. Daga Kano da Katsina da Zariya da Haɗeja suka zo fatauci, wasu kuma jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan layin dogo ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960. Baƙo kuwa ba ya rabuwa da kewar gida. Idan an taso daga kasuwa an yi Isha, sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida a ɗora faifan Mamman Shata ko na Ɗan Maraya Jos, irin waɗanda kamfanonin Legas kamar EMI suke bugawa, kowa ya yi shiru yana tuna garinsu. Da kuɗin Udoji suka fito a 1975, sannan Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, sai rediyo mai faifai ya shiga falo, dogon akwatin katakon nan da ake shimfiɗa wa ƙyalle a ɗora hoton Ka'aba a kai. Alhazai kuma suna dawowa da fayafan ƙira'a. Shaihu Mahmud Khalil al-Husari na Masar shi ne ya fara ɗaukar Alƙur'ani cikakke da murya a 1961, kuma da yawa daga cikinmu a faifai muka fara jin yadda ake ba kowane harafi haƙƙinsa.

Ba mu zo yin fatawa a kan kiɗa ba. Malamai sun yi bayani, kowa ya san wanda yake bi, mu ma akwai fayafan da ba ma ɗorawa a gidanmu. Maganarmu ta yau ita ce da wace na'ura za a saurari faifai ba tare da an kashe shi ba. Garmaho uku ne a hannunmu, mun daɗe muna gwada su, bari mu faɗi abin da muka gani.

Na farko gadonsa muka yi daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Mai wani ne, irin na HMV mai hoton kare yana sauraro. Ba ruwansa da wuta, ba ruwansa da batir, ka yi masa wani kamar agogo ya kama aiki. Nasa faifan shi ne mai juyi 78 a minti, mai nauyi, wanda in ya faɗi ya fashe kamar tangaran, kuma kowane gefe bai wuce minti uku da 'yan kai ba. Allurarsa ta ƙarfe ce, ƙa'ida kuwa ita ce a canza ta bayan kowane gefe. Nauyin da kansa ke saukewa a kan faifai ya haura giram 100. Saboda haka muna roƙonku, kada wanda ya ɗora faifan roba a kan irin wannan. Sau ɗaya ya isa ya huɗe shi kamar garma a gona.

Faifan roba iri biyu ne. Akwai babba mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a Amurka a 1948, kowane gefe yana ɗaukar kimanin minti 20. Akwai ƙarami mai juyi 45 da RCA ya biyo da shi a 1949. Babban nan shi ya dace da makaɗanmu, don waƙar Bahaushe ba ta san minti uku ba.

Garmahonmu na biyu na Japan ne, na shekarun 1970, mai bel. Shi ne irin wanda kowa ya sani: hannun da ke ɗauke da allura an kafe shi a kusurwa, yana lanƙwasowa zuwa tsakiya kamar ƙyauren ƙofa. Na uku kuwa shi ne abin kallo. Technics ne, daga cikin ƙannen SL-10 da kamfanin ya fitar a 1979, wanda faɗinsa daidai yake da kwalin faifai. Cikin kayan gwanjo da aka sauke mana daga Legas muka tsince shi. Hannunsa ba ya lanƙwasa. A jikin murfi yake, a kan wata 'yar sanda, yana tafiya a miƙe daga baki zuwa tsakiya kamar yadda labule ke tafiya a kan sandarsa. Turawan Denmark, wato Bang & Olufsen, sun riga su da irin wannan dabara a 1972 da Beogram 4000, amma na Japan su suka fi yawo a duniya.

Me ya sa aka wahala aka ƙera haka? Dalilin mai sauƙi ne. A masana'anta, wuƙar da ke yanka tsagar faifai a miƙe take tafiya. Hannu mai lanƙwasa kuwa a wuri biyu kacal allurarsa take zama daidai da tsagar, a sauran wuraren tana ɗan karkace. Ga shi kuma juyin faifai yana janyo hannun zuwa ciki, sai bango ɗaya na tsagar ya fi ɗaya cinyewa. Wannan na daga cikin abin da ya sa idan waƙa ta kusa ƙarewa kake jin murya ta fara shaƙewa, "sin" da "shin" suna fita da ƙura-ƙura. Mai tafiya a miƙe yana bin sawun wuƙar ne sak, kuma nauyin allurarsa giram ɗaya da kwata ne kawai.

Mun gwada da faifan ƙira'a, don a nan kunnenmu ya fi ƙwarewa. A farkon gefe, wallahi ba mu ji wani bambanci ba. A ƙarshen gefe ne mai miƙaƙƙen hannu ya nuna kansa: maddi ya fita fes, "sad" ba ta koma "sin" ba. Wani alherinsa kuma, ba a taɓa hannun. Ka rufe murfi ka danna maɓalli, shi ke nan. A gida mai jikoki wannan ba ƙaramin abu ba ne, don yawancin zanen da ke jikin fayafan unguwar nan hannun yara ne ya yi shi.

Amma fa ɗan gata ne. A cikinsa akwai ƙaramin inji da siririn bel da wani ido mai haske da ke lura da motsin hannun. Ƙurar hunturu ta shiga, ko giris ɗin sandar ya daskare, sai hannun ya tsaya cak allura ta yi ta maimaita wuri ɗaya. Bel ɗin ya tsinke kuwa, sai ka zaga Wunti da Muda Lawal ba ka samu ba, sai an aika Sabon Garin Kano ko Alaba. Shi kuwa mai lanƙwasa, duk tsohon mai gyaran rediyo zai buɗe shi ya gane kansa. Sannan namu mai miƙewa 33 da 45 kaɗai ya sani, bai san 78 ba. Kun ga kenan kowanne da ranarsa: na farko don tsofaffin fayafai masu fashewa, na biyu don yau da gobe, na uku don faifan da ake tsoron rasawa. In kuma za a tambaye mu abu ɗaya, to lafiyayyiyar allura ta fi irin hannu muhimmanci. Allurar da ta cinye, ko a kan wace na'ura take, ɓarna take yi.

Ga nasiha irin ta 'yan kasuwa ga mai son saye. Duba bayan na'ura kafin ka jona. Wutarmu 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. Wanda ya jona kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, hayaƙi zai gani. Wasu na Amurka masu bel kuma, ko an rage musu wuta, gudunsu kan ragu da sudusi a ƙasar nan saboda bugun wutarsu 60 ne namu 50, sai ka ji Ɗan Maraya kamar bai farka daga barci ba. Ku kuma 'yan'uwanmu masu sayarwa, ku faɗi aibin kaya. Ɓoye aibi yana cinye albarkar ciniki, wannan kowa ya sani. Faifai kuma a tsaye ake ajiye shi kamar littafi, ba a jibge ba, nesa da zafin kwano da bayan taga, don rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta lanƙwasa shi kamar faranti.

Abin da ya fi damunmu shi ne fayafan suna fita daga unguwa. Akwai masu zagayawa suna saye a arha, su kai Legas, daga can su wuce Ingila da Amurka, inda faifai ya sake yin daraja. Ba mu ce ciniki haramun ne ba. Amma duk abin da ke da ƙima a kasuwa dukiya ne, kuma idan mamaci ya bar marayu, babu wanda ke da ikon kyautar da haƙƙinsu don kawai shi bai san kuɗin abin ba. A sa shi cikin lissafi, a nemi wanda ya sani ya yi masa kuɗi, sannan a raba. Bayan kuɗi kuma akwai murya. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, Shaihu Husari tun 1980. Fitattu irinsu an adana da yawa daga cikin ayyukansu, amma akwai ƙananan makaɗa da masu waƙen wa'azi da suka buga faifai ɗaya ko biyu, ba su shiga kaset ba balle intanet. Idan kwafin da ke ƙarƙashin gadon kakanka ya tafi bola, wataƙila shi ke nan.

Don haka ga shawararmu. Duk mai fayafai a gida ya kawo su shago ranar Asabar bayan La'asar. Za mu wanke su, mu rubuta sunan kowanne a littafi, mu ɗora a kan mai miƙaƙƙen hannun nan, yaranmu masu kwamfuta su kwafe a memori, ka koma gida da faifanka da kwafinka. Ba ma karɓar ko kwabo. Wanda ya ga dama daga baya ya sayar, ya sayar da saninsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a zubar da ita ba. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari.