Daren da bakina ya mutu

Ni ce mai cika baki a ɗakinmu cewa babu abin da Hausa ba ta iya faɗi. Wani dare bayan isha'i, abokiyar ɗakina mai karatun shimi ta ajiye mini takarda bisa tabarma, ta ce: “To malama, fassara mini wannan. Baba ya tambaye ni abin da nake karantawa, na kasa ba shi amsa.”

Zane ne daga na'urar RMN, wadda ke sa sinadari cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ta saurari amsar ƙwayoyin zarrarsa. Wannan na kloroform ne. Layi guda na gani, dogo, ya miƙe sama. Na jawo ƙamus na shiga ƙirƙirar kalmomi. Ta yi dariya: “Ƙawata, ko abin da ake aunawa ba ki gani ba tukuna.”

Sai ta nuna mini da bakin biro. A gindin dogon layin, dama da hagu, ga wasu ƴan tsinaye biyu da na ɗauka dattin fotokofi ne. Dogon layin muryar idrojan ce. Karbon da ke riƙe da shi kuwa iri biyu ne: galibi karbon-12, wanda ba ruwansa da maganaɗisu, sai karbon-13, kusan 1,1 cikin ɗari, mai nasa ɗan maganaɗisun. Duk idrojan da ya dace da wannan maƙwabci, muryarsa rabuwa take yi biyu. Tazarar da ke tsakani ita ake kira J.

Ni da kaina na auna: ta ɗan wuce rabin ppm. Na'urar mai megahers 400 ce, muka ninka, ya ba da wajen hers 209. Ta ce a metan 125 ne, a asetilen wajen 249, don haka adadin na nuna irin ɗaurin da ke tsakanin karbon da idrojan. Ko an sauya na'ura mafi ƙarfi, ba ya motsi.

Hers dai na san shi, da shi muke auna karin sauti a Praat. Amma kunya ta kama ni. Awa guda ina neman suna ga abin da ban gane ba, har na fara ɗora wa Hausa laifi a zuciyata.

Kafin mu kwanta muka tsaya a kan “tazarar maƙwabtaka”. Da hutu ta kai wa Baba. Ta ce ya saurara har ƙarshe, sannan ya nemi a ba shi takardar ya ga tsinayen da idonsa.