Daga Kasuwar Shuwarin Zuwa Fuskar Waya

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil da Gaya, zai iske mararrabar Shuwarin gab da shiga Dutse. A nan motarmu ta tsaya ranar kasuwa, direba ya ce zai sauke buhuna. Na sauka in sayi dabino, domin dabinon Dutse ba ya buƙatar talla, har tashar binciken dabino gwamnatin tarayya take da ita a garin.

Mai dabinon dattijo ne. Na ce, "Baba, ba ni da tsabar kuɗi, zan turo ta waya." Ya ce to. Wayarsa ta yi ƙara, ya ƙura mata ido ya daɗe. Saƙon da Turanci yake, rubutun ƙanana kamar ƙwayar gero, adadin kuɗin kuma ya ɓuya a tsakiyar wasu dogayen lambobi. "Ɗana, sun shigo kuwa?" Na nuna masa, bai gamsu ba, sai da aka kira jikansa daga rumfar masu cajin waya. Direba kuwa sai danna oda yake.

Ƙannena, mutumin da ke lissafin cinikin buhu ashirin a ka, ba biro ba takarda, ba za a ce kansa ba ya ja ba. Wanda ya tsara saƙon ne bai taɓa tsayawa cikin ranar Shuwarin ba. Gyara irin wannan matsala sana'a ce da ake biyan mutane albashi a kanta. Ɓangare ɗaya shi ne tsara fuskar manhaja, wato launi, girman rubutu da inda kowane maɓalli zai zauna. Shi ake kira UI. Ɗayan, UX, shi ne bin diddigin yadda mutum ke ji da abin daga farko har ya biya buƙatarsa. Wani Ba'amurke, Don Norman, shi ya yayata wannan suna lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a farkon shekarun 1990.

A Dutse na sauka gidan yayata. Garin da ya zama babban birni a 1991 yanzu yana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ga shagunan kwamfuta inda ɗalibai ke layin cike fom. Ɗanta yana aji uku na babbar sakandare, hankalinsa duk yana kan JAMB. Na tambaye shi me ya sa ake iya amsa jarrabawar da haruffa kawai: A zuwa D don zaɓi, N a ci gaba, P a koma baya. Ya ce haka ya gani. Tun 2015 jarrabawar ta koma kwamfuta gaba ɗaya, sai aka lura yara da yawa hannunsu na rawa a kan linzamin kwamfuta, daga baya aka sauƙaƙa musu da waɗannan haruffa. Wani ne ya kalli masu wahala ya canza tsarin.

Da dare na ba shi labarin mai dabino, na yago takarda daga littafinsa na ce ya zana saƙon yadda Baba zai gane. Sau huɗu yana yi yana yagawa. Ya gano Hausa ta fi cin wuri a kan ƙaramin gilashi, ya kuma tuna wasu wayoyi kan mayar da ƙ da ɗ da ɓ su zama akwatin banza. Ƙarshe ya rubuta adadin da manyan lambobi a sama, ƙasansa "Kuɗi sun shigo".

Masu sana'ar ma da takarda suke farawa, kafin su koma manhaja irin Figma, wadda ke da sashen kyauta amma ta fi son kwamfuta da intanet mai ƙarfi. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana koyar da UI da UX, hukumar NITDA kuma, wadda Kashifu Inuwa ɗan Haɗeja ya fara shugabanta a 2019, tana cikin masu gudanar da shi. Ba zan ruɗe ku ba: wuta da kuɗin data za su ba ku wahala, yawancin kamfanonin suna Legas da Abuja, kuma sai Turancinku ya zauna. Abin da mai ɗaukar aiki ke fara tambaya shi ne ayyukan da ka taɓa zanawa da dalilin da ya sa ka zana su haka.

Da ranar kasuwa ta zagayo muka hau babur zuwa Shuwarin. Yaron ya gaida dattijon ya miƙa masa takardar. Baba ya nisanta ta da idonsa, ya karanta adadin nan take, ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "To wa ya turo? Mutum uku kan tsaya a gabana lokaci guda." Yaron ya dube ni, ya laluba aljihu yana neman biro.