Lasifika a Kan Teburin Malam

A gidanmu da ke Samaru, da an idar da sallar asuba rediyon mahaifina ke karɓe tsakar gida. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shirye-shirye tun 1957, ya girmi Baba kansa, kuma daga bakin wannan akwati na fara jin sunayen ƙasashen da sai daga baya na gan su a taswira. Don haka ban taɓa shakkar cewa kunne na iya zama ƙofar ilimi ba. Abin da ban sani ba shi ne iyakar wannan ƙofa.

Na fara hango iyakar a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, gwamnatin Jihar Kaduna ta koma gabatar da darussa ta rediyo da talabijin. Ƙanwata takan zauna da littafi a cinya tana bin malamin lissafi. Da zarar ta sunkuya rubuta layi ɗaya, ya wuce layi uku. Wata rana ta ajiye biro, ta ce, "Yaya, wannan malamin ba ya jiran kowa."

Maganarta ta dawo mini a 2023, da Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta tura mu koyarwar gwaji. Na faɗa wata makarantar sakandare a Sabon Gari, aka ba ni Turanci a aji biyu na babbar sakandare, ɗalibai sun haura 80, wasu a kan benci, wasu a bakin taga. Abin da ya fi damuna shi ne darasin furuci. A jarrabawar WAEC akwai takarda guda da ke auna yadda ake furta sautukan Turanci, amma da fensir ake amsa ta. Yaro zai haddace alamomin sauti a allo alhali kunnensa bai taɓa rarrabe "pull" da "full" ba, domin harshenmu bai raba waɗannan sautuka biyu ba. Ni ma da nake gaban allo, in faɗi gaskiya, bakina bai gama raba su ba.

Sai na tuna da fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet, mutum ya sauke a waya ya saurara lokacin da ya so. Na shiga kasuwar Sabon Gari na sayi 'yar lasifika mai caji da kuɗin da na ware wa takalmi, na sauke wani shirin koyon Turanci na minti 6 da BBC ke yi.

Ranar farko na sha kunya. Na kunna, na koma gefe na harɗe hannu kamar wanda ya gama aikinsa. Minti ɗaya ba a yi ba dariya ta ɓarke a bayan aji, wani yana kwaikwayon Baturen ta hanci. Waɗanda ke gaba suka zuba mini ido. Da shirin ya ƙare na tambayi abin da aka ji, ko hannu ɗaya bai tashi ba. Malamin da aka haɗa ni da shi, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, rediyo ka kawo musu. Suna da shi a gida."

Na kwana ina jin haushin maganar, na wayi gari na gane gaskiya ya faɗa. Na maimaita wa yara 80 abin da aka yi wa ƙanwata, alhali a hannuna akwai abin da rediyo ba shi da shi: maɓallin tsayarwa.

Mako na gaba jimla ɗaya kawai na kunna, na tsayar. Na sake kunnawa har sau 3. Na ce layin taga su faɗa, layin ƙofa su yi hukunci ko daidai ne. Muka fassara ta da Hausa, muka yi gardama a kan fassarar. A darasin minti 40 ba mu ci ko rabin shirin ba, amma wata yarinya da ke zama can ƙurya, wadda karatu a takarda ke ba ta wuya har ake mata kallon daƙiƙiya, ita ta fara kama bambancin sautin. Ta maimaita jimlar tsaf, har da inda Baturen ya ja numfashi. Ajin ya yi tsit, sannan aka tafa mata.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Sau biyu lasifikar ta mutu a tsakiyar darasi saboda an kwana ba wuta a Samaru. Ranar da aka yi ruwan sama, ƙarar kwanon rufi ta cinye muryar gaba ɗaya. Kuɗin data daga aljihuna yake fita. Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne da na nemi irin waɗannan shirye-shirye da Hausa. Na samu na labarai da al'amuran yau da kullum, irin su "Najeriya a Yau" na Aminiya, amma wanda aka tsara kan manhajar ɗan sakandare ban ci karo da shi ba. Ga mu kuwa a garin da ke da jami'a tun 1962, cike da masana harshe da kimiyya da aikin gona, waɗanda minti 5 na muryarsu zai ishi aji guda tattaunawar mako.

Ranar da wa'adinmu ya cika, na je sallama da dattijon nan a ofishin malamai. Na ajiye lasifikar a teburinsa, na ce, "Baba, a bar wa yaran." Ya ɗauke ta yana jujjuyawa, ya gyara zaman tabarau, ya miƙo mini wayarsa in tura masa shirye-shiryen. Da na gama, sai ya ce in nuna masa inda ake dannawa ta tsaya.